Kaname Harada: Matuƙin jirgin yaƙin da ya koma tatsar shanu, da gargaɗin da ya bar wa Japan

A watan Oktoban 2024, wani jirgin yaƙi samfurin F-35B ya sauka a kan wani katafaren jirgin ruwan sojin Japan mai suna Kaga, a wani gwaji da aka yi a gaɓar tekun Kalifoniya ta Amurka. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu Japan ba ta mallaki jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi ba, amma yanzu tana gyara Kaga da ɗan'uwansa Izumo domin su yi wannan aiki.

Ga masu bin tarihi, sunan kansa labari ne. Akwai wani Kaga na farko, wanda Amurka ta nutsar a yaƙin Midway a watan Yunin 1942, tare da wasu manyan jiragen ruwan Japan uku. Ɗaya daga cikin matasan da ke shawagi a sama a ranar, yana kallon jiragen suna ci da wuta, shi ne Kaname Harada.

Harada ya rasu ranar 3 ga Mayun 2016 yana da shekara 99. Ya yi rayuwa iri uku: matuƙin jirgin yaƙi, mai kiwon shanun madara, sannan shugaban makarantar rainon yara. Shekarunsa na ƙarshe kuwa ya ƙarar da su ne yana yawo yana faɗa wa 'yan ƙasarsa abin da mafi yawan sa'o'insa suka tafi da shi kabari: yadda mutum ke ji bayan ya kashe ɗan'uwansa mutum.

Yanzu da Japan ke sake ɗaura ɗamarar yaƙi, kuma waɗanda suka ga na baya da idonsu ke ƙarewa, labarinsa ya cancanci a sake waiwayarsa.

Daga ƙauye zuwa sararin samaniya

An haifi Harada a watan Agustan 1916 a wani ƙauye da ke lardin Nagano, yanki mai duwatsu da sanyi a tsakiyar Japan. Ya shiga rundunar sojin ruwa a 1933, tun bai kai shekara 18 ba. A 1937 ya kammala koyon tuƙin jirgi, kuma shi ne ya zo na ɗaya a ajinsu.

A wannan shekarar aka tura shi Chaina, inda Japan ta ƙaddamar da mamaya gadan-gadan. A watan Disambar shekarar ne sojojin Japan suka kama birnin Nanjing, suka yi kisan kiyashin da har gobe yake dagula dangantakar ƙasashen biyu.

Jirgin da ya yi suna da shi shi ne Zero, ƙirar kamfanin Mitsubishi. A farkon yaƙi da wuya a samu jirgin da ya kai shi iya juyi da cin dogon zango. Sirrin shi ne rashin nauyi, domin ba a sa masa sulken da zai kare matuƙi ba, kuma tankin mansa kan kama da wuta da zarar harsashi ya huda shi. Wato tun daga ƙirar jirgin an riga an fifita kai hari a kan ran wanda ke ciki.

Ranar 7 ga Disambar 1941 da Japan ta kai harin Pearl Harbor, wanda ya kashe Amurkawa fiye da 2,400, Harada na cikin matuƙan jirgin ruwan Soryu. Ba a tura shi kai harin ba, an bar shi ne yana gadin ayarin jiragen ruwan daga sama. A watan Afrilun 1942 ya shiga harin da aka kai Kolombo, a tsibirin da yanzu ake kira Sri Lanka, inda ya kakkaɓo jiragen Birtaniya.

Daga nan sai Midway. A rana guda Japan ta yi asarar Akagi da Kaga da Soryu, sannan Hiryu ya bi su. Harada ya rasa inda zai sauka, man jirginsa ya ƙare, dole ya faɗa teku. Ya yi sa'o'i yana yawo a kan ruwa kafin wani jirgin ruwan yaƙi ya tsamo shi. Kimanin 'yan Japan 3,000 ne suka mutu a wannan gumurzu.

Abin da ya gani a cikin jirgin da ya cece shi bai taɓa barin zuciyarsa ba. Ya sha ba da labarin yadda ya tarar da matasa sun ƙone, wasu babu hannu, wasu babu ƙafa, amma likita ya tsallake su ya nufo shi, shi da bai ji wani ciwon kirki ba. Da ya nemi a fara duba waɗanda suka fi jin jiki, sai aka nuna masa cewa a fagen daga wanda zai iya komawa yaƙi ake fara yi wa magani. A nan ne ya gane cewa a wurin masu ba da umarni, soja da bindiga duk kayan aiki ne.

Bayan wata huɗu, a Oktoban 1942, aka harbo shi a yaƙin tsibirin Guadalcanal. Ya faɗo a wani tsibiri na kusa da mummunan rauni, kuma daga nan bai sake shiga artabu ba. Sauran shekarun yaƙin ya yi su ne yana koyar da matasan matuƙa, ciki har da waɗanda aka shirya domin hare-haren ƙunar baƙin wake da ake kira kamikaze. Ana danganta masa kakkaɓo jirage 19, wasu shi kaɗai, wasu tare da abokan aikinsa.

Gwarzon jiya, mai tatsar nono yau

Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, bayan ta rasa mutum kimanin miliyan uku da dubu ɗari, soja da farar hula. Harada ya koma Nagano cikin fargabar cewa Amurkawan da suka mamaye ƙasar za su nemo shi su hukunta shi. Hukumomin mamayar sun kuma haramta wa tsofaffin hafsoshi irinsa aikin gwamnati.

Mutumin da jiya ake tafa wa sai ya wayi gari babu aiki, ga iyali, ga yunwa ta game ƙasa. Ya koma gona, ya kama kiwon shanun madara, ya kuma taɓa sayar da madarar da kayan lambu.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Miliyoyin sojoji da fararen hula ne suka dawo gida daga ƙasashen da Japan ta mamaye, kuma karkara ce ta haɗiye da yawansu. A daidai lokacin ne madara ta fara samun kasuwa. An fara ciyar da 'yan makaranta da garin madarar agaji daga waje, sannan a 1954 majalisa ta yi dokar ciyar da ɗalibai da kuma dokar bunƙasa kiwon shanun madara. Zuwa farkon shekarun 1960, gidajen da ke wannan sana'a sun haura 400,000, akasarinsu masu saniya biyu ko uku ne a bayan gida.

Duk wanda ya san kiwo ya san cewa saniyar tatsa ba ta da ranar hutu. Safe da yamma sai an tatse ta, sai an yanko mata ciyawa, sai an share garke, ko da ƙanƙara na zuba. Aiki ne da ke gajiyar da jiki har mutum ya yi barci kamar matacce.

Amma Harada bai samu wannan barcin ba. Ya ce dare ya yi ta zame masa azaba, domin yana rufe ido sai ya ga fuskokin matuƙan da ya harbo. Yaƙin sama na wancan zamani na kusa da kusa ne. Sai ka matsa wa abokin gaba sosai kafin ka buɗe wuta, har kana iya ganin tsoro a fuskarsa lokacin da jirginsa ya kama da wuta. Ya ce bai san su ba, bai kuma tsane su ba, kuma su ma 'ya'yan wasu ne, iyayen wasu.

A yau likitoci na da suna da magani ga irin wannan ciwon na firgicin bayan yaƙi. A Japan ta wancan lokaci kuwa, abin kunya ne tsohon soja ya ce yana jin tsoro a mafarki. Da yawa sun yi gum, wasu suka faɗa shaye-shaye, wasu suka huce a kan matansu da 'ya'yansu. Sai a 'yan shekarun nan ne 'ya'yan irin waɗannan sojoji suka fara fitowa fili suna ba da labarin abin da suka gani a gidajensu.

Matar Harada ce ta nuna masa mafita. Ta ba shi shawarar cewa idan yana son ya rage nauyin rayukan da ya ɗauka, to ya koma rainon sababbin rayuka. A shekarun 1960 suka buɗe gidan kula da ƙananan yara a Nagano, wanda daga baya ya zama cikakkiyar makarantar rainon yara. Ya shugabance ta shekaru da dama, kuma ko bayan ya ajiye aiki bai daina leƙa yaran ba.

Abin da ya sa ya buɗe baki

Kusan shekara 45 Harada bai cika maganar yaƙi a bainar jama'a ba. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ne ya sauya masa tunani.

Wannan ne yaƙin da duniya ta kalla kai-tsaye a talabijin. Ana nuna makami mai linzami yana bin hanya har ya faɗa kan gini, sai haske ya tashi, ba a ganin jini, ba a jin kuka. Harada ya ji matasan Japan na cewa abin kamar wasan bidiyo, ya ƙayatar. Sai ya ga cewa idan irinsa suka ci gaba da yin shiru, za a taso da al'ummar da ke ɗaukar yaƙi a matsayin nishaɗi.

Daga nan ya shiga zagaya makarantu da zaurukan taro. Cikin abubuwan da ya fi nanatawa akwai cewa sojojin da ya ga suna mutuwa ba sunan Sarkin Japan suke kira ba, kamar yadda farfagandar gwamnati ke cewa. Uwa suke kira.

Ya kuma je Amurka da Birtaniya ya gana da mutanen da suka yi ƙoƙarin kashe juna da su. Cikinsu har da Joe Foss, fitaccen matuƙin Amurka da daga baya ya zama gwamnan jihar Dakota ta Kudu, wanda ake kyautata zaton shi ne ya harbo Harada a Guadalcanal.

Shaidar wanda ya yi, ba wanda aka yi wa ba

A nan ne muhimmancin Harada yake. Tunawa da yaƙi a Japan ya fi karkata ga abin da aka yi wa ƙasar: bam ɗin ƙare-dangi a Hiroshima da Nagasaki, da ruwan wutar da aka yi wa Tokyo a watan Maris na 1945. Wannan gaskiya ce mai ciwo, kuma duniya ta yaba wa masu ba da wannan shaida. A 2024 ƙungiyar waɗanda suka tsira daga bam ɗin, Nihon Hidankyo, ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Sai dai ɓangaren abin da Japan ta yi wa wasu ya fi wuyar faɗa. A gidan tarihin da ke harabar wurin bautar Yasukuni a Tokyo, jirgin Zero ne ke tarbar baƙo tun daga zaure, a goge tas. A wannan wurin bauta ne aka sanya sunayen manyan masu laifin yaƙi 14 cikin waɗanda ake girmamawa a 1978, abin da ke tayar da jijiyar wuya a Chaina da Koriya ta Kudu duk lokacin da wani shugaban Japan ya je can. A 2013 kuma wani fim kan matuƙin Zero ya zama ɗaya daga cikin finafinan da suka fi kasuwa a ƙasar.

Harada yana da duk abin da ake bukata don ya zama gwarzon masu wannan ra'ayi. Ya je Pearl Harbor, ya je Midway, ya kakkaɓo jirage. Amma sai ya ƙi karɓar rawanin, ya ce yaƙi ya mayar da shi mai kisan kai ne, kuma ba irin mutumin da ya so ya zama ba ke nan. Da wani malamin jami'a ne ya faɗi haka, da an ce bai san komai ba. Amma wa zai ce wa Harada bai san yaƙi ba? Gani ya kori ji.

Japan ta yau

Ranar da Harada ya rasu, 3 ga Mayu, ita ce ranar da Japan ke hutun tunawa da kundin tsarin mulkinta, wanda ya fara aiki a rana irin ta a 1947. Sashe na 9 na kundin ya ce ƙasar ta yi watsi da yaƙi har abada a matsayin hanyar warware rikici, kuma ba za ta riƙe rundunonin yaƙi ba. Har yau ba a sauya ko kalma ɗaya a kundin ba, amma fassararsa ta yi nisa da inda ta faro.

A watan Yulin 2014 gwamnatin Shinzo Abe ta sake fassara sashen, ta yadda sojojin Japan za su iya yaƙi don kare ƙawarta idan aka ga rayuwar ƙasar na cikin haɗari. A Satumbar 2015 majalisa ta mayar da hakan doka, duk da zanga-zangar dubban mutane a ƙofarta. Harada ya bayyana damuwarsa cewa 'yan siyasar da aka haifa bayan yaƙi ba su san abin da suke wasa da shi ba.

Bayan rasuwarsa abin ya ƙara sauri. A Disambar 2022 gwamnatin Fumio Kishida ta sanar da shirin kashe yen tiriliyan 43 kan tsaro cikin shekara biyar, da ɗaga kasafin zuwa kashi biyu cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar, alhali shekaru da dama yana kusan kashi ɗaya. Ta kuma amince da mallakar makaman da za su iya kai hari cikin ƙasar abokan gaba, ta ƙulla cinikin makamai masu linzami samfurin Tomahawk har 400 daga Amurka. Tana kuma ƙera sabon jirgin yaƙi tare da Birtaniya da Italiya.

Adalci ne a faɗi hujjar masu goyon bayan wannan mataki, domin ba ƙarama ba ce. Koriya ta Arewa ta harba makamai masu linzami da suka ƙetare samaniyar Japan a 2017 da 2022. Jiragen ruwan Chaina na yawan kutsawa kusa da tsibiran Senkaku da ƙasashen biyu ke taƙaddama a kansu, kuma rikici kan Taiwan zai iya shafar tsibiran kudancin Japan kai-tsaye. Mamayar da Rasha ta yi wa Yukren a 2022 ta sa 'yan Japan da dama tunanin cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Japan ta yau kuma ƙasa ce mai dimokuraɗiyya, ba ta janar-janar ɗin shekarun 1930 ba.

Saboda haka ba za a ce labarin Harada ya warware muhawarar ba. Ƙasa na iya bukatar makami ko da ba ta son yaƙi. Abin da labarin ke yi shi ne tuna wa masu yanke shawara farashin da ba ya fitowa a takardar kasafi. Matsalar ita ce masu tunatarwar na ƙarewa. A ƙarshen Maris na 2025, adadin waɗanda suka tsira daga bam ɗin ƙare-dangi da ke raye ya sauka ƙasa da 100,000 a karon farko, kuma matsakaicin shekarunsu ya haura 86. Sojojin da suka yi yaƙin da hannunsu kuwa, duk wanda ya rage ya doshi shekara ɗari ko ya wuce.

Hatta sana'ar da ta rufa wa Harada asiri tana bin sahu. A ƙarshen 2024 aka sanar cewa gidajen da ke kiwon shanun madara a Japan sun sauka ƙasa da 10,000, saboda tsadar abincin dabbobi da ake shigowa da shi da kuma tsufan manoma. Karkarar da ta karɓi sojojin da suka dawo tana zama kufai.

Me ya shafe mu?

Yaƙin da Harada ya yi bai tsaya a Asiya kawai ba, ya iso har gidajenmu. Dubban 'yan Najeriya da sauran Yammacin Afirka, da yawansu daga Arewa, Turawan mulkin mallaka suka kwasa zuwa Bama a runduna ta 81 da ta 82, inda suka gwabza da sojojin Japan a dazukan Arakan. Hausa ce ma harshen da ake magana da shi a tsakanin sojojin. Sunayen barikoki irin su Kalapanzin da Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, duk daga can suka samo asali. Amma kaɗan ne daga cikin waɗannan dattawa aka zauna aka naɗi labarinsu kafin su koma ga Mahaliccinsu.

Sannan abin da ya tsorata Harada a 1991 yanzu ya zama ruwan dare. Mai sarrafa jirgi maras matuƙi yana zaune ne a ɗaki gaban allo, abin da yake gani ɗigo-ɗigo ne masu motsi. Ranar 3 ga Disambar 2023, irin wannan jirgi na sojin Najeriya ya jefa bam kan masu taron Mauludi a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 85 aka binne, kuma rundunar sojin ta amsa cewa kuskure ne.

Fuskokin da suka hana Harada barci azaba ce gare shi, amma su ne suka zame masa birki. Su suka kai shi daga jirgin yaƙi zuwa garken shanu, daga garke zuwa ajin yara, daga can zuwa gaban jama'a yana faɗin gaskiyar da ba ta yi masa daɗi. Fasahar zamani tana ɗauke wa mai harbi wannan nauyi, ta nesanta shi da wanda zai harba. Idan fuska ta ɓace daga fagen yaƙi, dole doka da bincike da hukunci su maye gurbinta, in ba haka ba kisa zai ƙara sauƙi, a Tokyo ne ko a Abuja.

Tambayar da ke gaban Japan ba ta tsaya kan yawan makaman da za ta saya ba. Tambayar ita ce, ranar da za a zauna yanke shawarar amfani da su, wa zai kasance a ɗakin da ya san abin da ke biyo baya?